Tambayar Baba da na yi wa dariya

Ranar da na kai wa mahaifina labarin na sami aiki a Jamus, ƙarshen shekarar 2021 ke nan, yana zaune a zaure bayan la'asar, rediyonsa na gefe. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, shekara 35 ya yi yana aiki kafin ya ajiye. Na zaci albashi zai tambaya, har na shirya yadda zan kauce wa amsar. Sai cewa ya yi, "Madalla. To, a mataki na nawa suka ɗauke ka?"

Na yi dariya. Na ce, "Baba, ai wannan ba aikin gwamnati ba ne. Kamfanin manhaja ne na Turawa, ba ruwansu da lebul. Abin da mutum ya iya shi suke biya."

Ya dube ni ɗan jim, ya ce Allah ya sa albarka, ya ƙara muryar rediyo. Shekara biyu da 'yan watanni na yi ina biyan bashin wannan dariyar.

Kamfanin ba zan kama sunansa ba, tunda har yanzu a can nake cin abinci. Tsoho ne, ya girme ni. Hedikwatarsa na Amurka, yana da reshe a Munich, kuma bankuna da kamfanonin inshora yake sayar wa manhaja, irin wadda in aka girka ta sai a shekara ashirin ba a iya rabuwa da ita ba. Ba irin ƙananan kamfanonin nan ba ne da yau suna nan gobe an rufe. Wannan ne ma ya ja ni, don ina da iyali.

Intabiyu biyar aka yi mini, duk ta bidiyo, ina Abuja, janareta na kuka a bayan taga. Biyu na rubuta manhaja ne, a ba ka matsala ka warware cikin minti 45 ana kallonka. Waɗannan ban ji tsoronsu ba, wata uku na yi ina tisawa. Akwai hira da manaja, akwai ta halayya. Ta biyar ita ce ta zane. Wani dattijo mai furfura ya ce in tsara masa tsarin da zai riƙa aika wa miliyoyin mutane alat duk sanda kuɗi ya shiga asusunsu. Abin da na shekara uku ina yi ke nan a Abuja, har da yara huɗu a ƙarƙashina. Amma sai na zauna kamar almajiri a gaban malam: ya yi tambaya in ba da amsa, in yi shiru in jira ta gaba. Ban katse shi ba ko sau ɗaya. A wani wuri ya kawo wata hanya da na san ba za ta ɓulle ba, na gyaɗa kai kawai. A wurina ladabi nake yi. Ashe shi jira yake ya ga na karɓi alli na ja ragamar maganar, in tambaye shi abin da bai faɗa ba, in kawo hanya biyu in zaɓi ɗaya in tsaya a kanta. Sai bayan shekara guda manajana ya gaya mini abin da aka rubuta a kaina ran nan: hannu ya iya aiki, amma bai kai ya jagoranci wasu ba. A wannan awa guda aka yanke matakina, ni ko ban ma san ana yanke wani abu ba.

Bayan mako ɗaya matar da ke kula da ɗaukar ma'aikata ta kira. Ta jero mini abu uku: gundarin albashi na shekara, bonas da ake lissafawa a kan kaso na albashin, sai hannun jarin kamfani da za a sakar mini a hankali cikin shekara huɗu. Ta faɗi sunan muƙamin da wata lamba a gefensa. Lambar ta bi ta bayan kunnena, hankalina na kan kuɗin.

Ɗan Zariyan da ya tashi yana riƙe wa mahaifiyarsa kwando a kasuwar Sabon Gari ba ya karɓar tayin farko. Na ce albarka. Ta ce za ta koma ta yi magana. Kwana biyu ta dawo da ƙarin 'yan dubbai a kan albashin da kuma kuɗin sa hannu na sau ɗaya. Na ƙara matsawa, ta ƙara kaɗan, sannan ta ce nan ne iyakarta. Na sallama ina jin kaina gwarzo. Daren nan na buga kuɗin da canjin Naira a waya, na nuna wa uwargida, ta ce in sake bugawa ko na ƙara sifiri. A 2022 dokar Jamus ta ce kafin a ba baƙo katin zama na ƙwararru, wanda ake kira Blue Card, sai albashinsa ya kai Yuro 56,400 a shekara, ko 43,992 ga sana'o'in da ake ƙarancin masu su irin tamu ta kwamfuta. Nawa ya haura duka biyun da tazara. Me ya rage kuma?

Na fara aiki a watan Maris na 2022. Takardar albashi ta farko ita ta koya mini kalmomin Jamusanci biyu da har in mutu ba zan manta ba: Brutto da Netto, wato abin da aka ce an ba ka, da abin da ya iso hannunka. Tsakaninsu akwai haraji, inshorar lafiya, fansho, inshorar rashin aiki, da ta jinya. Fansho kaɗai kashi 18.6 cikin 100 ne, rabi daga wurinka rabi daga kamfani. Sama da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ya tafi kafin in gan shi. Abin da na tsira daga gare shi harajin coci ne, wanda a jihar Bavaria, inda Munich take, yake kashi 8 na harajin mutum, shi ya sa ranar rajistar zama ake tambayar addini. Sai haya. Munich ta fi duk manyan biranen Jamus tsadar gida, kuma mai gida na iya karɓar ajiyar hayar wata uku kafin ka sa ƙafa. 'Yan'uwa a gida suna lissafi da Brutto a bakin 'yan canji, ni ina rayuwa da Netto a Munich. Wannan wani labari ne daban.

Wanda ya buɗe mini ido wani ɗan Masar ne da ya shekara tara a kamfanin. Muna tafiya Juma'a tare, in an idar mu tsaya shagon Turkawa mu ci döna. Jamusawa ma suna da karin maganarsu cewa ba a zancen kuɗi, mu ma haka, don haka wata shida muka yi ba wanda ya taɓo batun. Ran nan dai na yi masa alfaharin cinikin da na yi. Ya ajiye abincinsa, ya ce, "Ɗan'uwa, shekara nawa ka yi kana aiki kafin ka zo?" Na ce shida. "A wane mataki suka sa ka?" Na ciro waya na duba, don ko a lokacin ban haddace ba. Ya kalli lambar, ya ja tsaki, ya jawo takardar goge baki ya fara zane.

Ya zana tsani. Ƙaramin injiniya, matsakaici, siniya, sai matakai biyu ko uku a sama da ba kowa ke ganinsu ba. Ya ce duk wani babban kamfanin manhaja da irin wannan tsanin yake aiki, suna ne kawai ya bambanta. A Google sabon shiga L3 ne, L5 siniya. A Microsoft ana farawa daga 59, siniya 63 da 64. A Amazon L4 ake farawa, L6 siniya. A gefen kowane mataki ya zana akwati: ƙasa, tsakiya, rufi. Ya ce, "Wannan matar ba ta da ikon fitar da kai daga akwatinka. Duk cinikin da ka yi, a cikin akwatin matsakaici ka yi shi, har ka hau kusa da rufi. Kuma wanda ke kusa da rufi ƙarin shekara-shekara kaɗan ake ba shi, don tsarin rabon kuɗin kowa yake turawa tsakiya. Da ka ce mata ba kuɗin ne damuwarka ba, matakin ne, a sake maka intabiyun zane, wataƙila da sun yarda. Ana yi."

Ya nuna mini kuma cewa akwatunan suna shiga juna. Rufin matsakaici ya ɗan haura ƙasan siniya, don haka a gundarin albashi tazararmu ba ta da yawa. Inda bambancin yake shi ne kason bonas, da yawan sabon hannun jarin da ake ƙara wa mutum duk shekara, da kuma irin aikin da ake damƙa masa. Na yi ciniki a kan gyara, na bar buhun. Daren nan na buɗe shafin intanet na Levels.fyi, inda ma'aikata ke zuba albashinsu da matakinsu ba suna, na yi ta kallo har bayan sha biyu.

Hannun jarin ma sai da na zauna na fahimce shi. Ba kuɗi ba ne, alkawari ne da sai ya nuna ake tsinka, kamar mangwaro. A ce an rubuta maka na Yuro 40,000. Ana mayar da shi adadin hannun jari a farashin ranar, sannan a raba huɗu, kashi ɗaya duk shekara, kuma in ka tafi kafin shekarar farko ta cika ko ƙwaya ba ka da shi. Namu ma da sauƙi. Na Amazon kashi 5 ne a shekarar farko, 15 a ta biyu, 40 a ta uku, 40 a ta huɗu. Ni kuwa na shigo a shekarar da kasuwa ta kife: ma'aunin kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Amurka ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku a 2022. Da kason farko ya nuna a Maris na 2023 ya riga ya rame, sannan hukumar haraji ta ɗauke shi a matsayin albashi. A shekarar, abin da mutum ya samu sama da Yuro 62,810 harajin kashi 42 ake cire masa, kuma a nan nawa ya faɗa.

Sai na ce to, ba komai, in nemi ƙarin girma. A tunanina abin kamar na su Baba ne, inda mai digiri ke shiga a mataki na 8, ya shekara uku, ya rubuta jarrabawa, a ciyar da shi gaba. A nan babu ƙidayar shekara. Ƙa'idar ita ce sai ka riga ka yi wata shida zuwa shekara kana aikin matakin gaba, a albashin matakinka, sannan a tabbatar maka. Kai za ka rubuta kundin hujja, manajanka ya ɗauka ya shiga da shi zaman tantancewa, inda manajoji goma sha wani abu ke zama su auna mutanensu da juna. Yawancinsu ba su taɓa ganin fuskarka ba. Minti kaɗan ake ba kowane suna.

Karon farko, a farkon 2023, na fafe gora ranar tafiya. Kwana huɗu na rubuta kundin. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne kalmar "na". Mu da aka tasa da yabon kai jahilci, ga kunya, duk inda ya kamata in rubuta na gina sai in rubuta mun gina, na gano matsalar sai ta koma an gano. Ga shi manajan da ya ɗauke ni an mayar da shi wani sashe wata uku kafin zaman, wadda ta gaje shi ba ta san rabin abin da na yi ba, kuma ba wanda ya damu ya zauna ya miƙa mata bayanina. Wannan laifin kamfanin ne, har gobe ina faɗa. Lokacin ma bai yi kyau ba. Meta, mai Facebook, ta sallami mutum 11,000 a Nuwamban 2022, a Janairun 2023 Microsoft ta sanar da 10,000, Google 12,000, Amazon 18,000. Namu bai kori mutane a Munich ba, amma an ƙulle ɗaukar sababbi, kuma gurabun ƙarin girma sun tsuke.

Sakamakon ya fito cikin azumi. Sabuwar manajar ta kira ni wani ƙaramin ɗaki mai bangon gilas, ta ce, "Ba wannan karon ba." Ta karanto mini jimla ɗaya daga zaman: ba mu ga abin da shi da kansa ya jagoranta ba. Ƙarin albashin da na samu bai kai hauhawar farashin da aka yi ba, wadda ta kusan kashi 7 a 2022. Maganar ɗan Masar ta tabbata, rufi ya tokare ni.

Na yi fushi, na so in tafi. Kowa a sana'ar nan ya san canza kamfani ya fi jiran ƙarin girma saurin ɗaga albashi. Amma a lokacin mai Blue Card sai ya nemi izinin ofishin baƙi kafin ya canza aiki a shekara biyun farko (a Nuwamban 2023 aka sassauta, ya koma sanar da ofishin a shekarar farko). Sabon aiki kuma yana nufin sabon wata shida na gwaji, wanda a cikinsa da sanarwar mako biyu za a iya sallamarka. Uwargida ta iso, tana da juna biyu. Na haɗiye fushina, na koma ajin Jamusanci na yamma, don mai Blue Card da ya kai matakin B1 a iya harshen yana samun izinin zama na dindindin bayan wata 21.

Karo na biyu na bi shi a tsanake. Na sa manajar ta buga mini takardar da ta bayyana abin da ake nema daga siniya, muka zauna da biro, ta ja layi ƙarƙashin inda nake da giɓi. Uku ne: aikin da ya ratsa tawaga fiye da ɗaya, yanke shawarar fasaha a gaban jama'a, da renon na ƙasa. Na buɗe littafi, duk Juma'a kafin in tashi in rubuta abin da na yi a makon da lamba a gefensa, awa nawa aka rage, kuskure nawa aka toshe. Na karɓi ɗalibar jami'a mai neman sanin makamar aiki. Sannan na ɗauki aikin da kowa ke gudu, wani tsohon ɓangaren lissafin kuɗi da aka rubuta da harshen manhaja na Java tun ina sakandare, wanda ake so a raba shi da sauran manhajar. Sai an haɗa kai da mutanenmu na Bangalore a Indiya da na Amurka, ga bambancin lokaci, wasu na karin kumallo wasu na shirin barci.

A taron amincewa da zanen aikin, wa zan gani a kan allo in ba dattijon nan mai furfura ba. Ya ce a kwashe komai a dare ɗaya, ranar Asabar, a huta. Na ji tsohuwar ɗabi'ar ta taso, kaina har ya fara gyaɗawa. Na daure na ce ban yarda ba. Na ce akwai bankuna biyu da ke rufe lissafin wata a kan wannan ɓangaren, in abu ya lalace ba hanyar komawa, gara a bar tsohon da sabon su yi aiki tare na mako shida ana gwada sakamakonsu. Ya ce zai ci kuɗi. Na ce na lissafa, na sa teburin a allo. Shiru na 'yan daƙiƙu, zufa na bin bayana a cikin sanyin Nuwamba. Ya ce, "To, mu bi taka." A mako na uku gwajin ya kama bambancin kobo-kobo a lissafin kuɗin ruwa wanda da ya wuce da mun kwana a ciki. Da lokacin kundi ya yi, shi na fara roƙa ya rubuta mini shaida. Bai ma tuna shi ya yi mini intabiyu ba.

Kundin shafi shida ya zama, da shaidar mutum biyar. Uwargida ce ta karanta shi ƙarshe, jaririya a kafaɗa, duk inda ta ga "mun" ta tambaye ni, "Kai da wa?" In na kasa amsa ta goge. Na miƙa shi a azumin 2024. Kwana kaɗan bayan ƙaramar Sallah aka sake kirana ɗakin gilas ɗin.

Ƙarin da aka yi wa gundarin albashin bai kai yadda mai karatu zai zata ba, tunda akwatunan na shiga juna. Amma yanzu ina ƙasa-ƙasan sabon akwati, da fili a samana. Kason bonas ya ƙaru, sabon hannun jarin ma ya ƙaru, wanda ke da muhimmanci don wa'adin na farkon Maris na 2026 ne, kuma wanda ba a ƙara masa sabo ba sai ya ga kuɗinsa ya ragu a shekara ta biyar ba tare da ya yi laifin komai ba.

Gaba kuma fa? Siniya a kamfani irin namu masauki ne. Ba wanda zai tura ka, ba wanda zai kore ka don ka tsaya. Akwai Jamusawa a hawanmu da suka shekara goma sha a nan, ƙarfe biyar sun kama keke, hutunsu na kwana 30 ba sa barin ko ɗaya, kuma ni ban ga alamar suna nadama ba. Mai son wucewa hanya biyu ce a gabansa. Ko ya zama manaja, ya bar rubuta manhaja ya koma taro da sasanta mutane, ko ya bi tsanin fasaha, inda a sashenmu na mutum kusan ɗari da hannu ɗaya za ka ƙirga waɗanda suka haura siniya. Can ƙwarewa kaɗai ba ta isa, sai an sami aiki mai girman da ya cancanci matakin, irin waɗannan ayyuka kuwa yawanci kusa da hedikwata suke, ba a reshe ba. Ɗan Masar ya nema sau uku, yanzu ya ce ya haƙura. Abu ɗaya da zai taimaki masu zuwa bayanmu shi ne dokar Tarayyar Turai ta 2023 kan bayyana albashi, wadda aka ba ƙasashe zuwa 7 ga Yunin 2026 su shigar cikin dokokinsu: dole a gaya wa mai neman aiki iyakar albashin gurbin tun kafin ciniki, kuma an hana a tambaye shi nawa yake karɓa a tsohon wurinsa.

Ranar Asabar na kira gida. Na ce, "Baba, an yi mini ƙarin girma. Mataki ɗaya."

Ya ce, "Au, ashe suna da matakin?"

Na ce suna da shi. Na ji yana dariya ƙasa-ƙasa, rediyo na magana a bayansa. Ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce, "Na gaban shekara uku ne ko huɗu?"

"Ba su da ƙa'idar shekara, Baba. Akwai wanda ya yi goma sha biyar a inda nake."

Ya yi shiru. Can ya ce, "Fanshon fa, da wane matakin ake lissafa shi?"

Na fara yi masa bayanin cewa a nan da abin da aka cire maka duk wata ake tarawa, ba da matakin ƙarshe ba, sai na ji Mama ta karɓe wayar tana cewa a kawo mata kishiyarta ta ji muryarta, kuɗin kira na tafiya.